Kalmar "Tura" da Ruwan Albasa

Ni ce Salamatu, wadda kuke ce wa Tanti. Tun ranar da kunka zo koyon aiki a buron nan, wato ofishinmu na Ƙonni, nake jin abin da kuke faɗi in kun fita gindin dogon yaro shan iska. Wai aikin Tanti ba wuya: ta karanta layi uku, ta ja layi da jan bik, wato biro, ta ba da maki, shi ke nan. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na zata da farko. Ku kife salula ku saurara, in gaya muku yadda ake karanta layi ukun nan.

Sana'ar ba ta tsufa ba, ni ce na tsufa kafin in same ta. A Tajaye anka haife ni, na yi karatun lakwal a Illela, sannan na share shekara ashirin da wani abu ina buga wa mutane takardu a wata rumfa kusa da tasha, da mashin ta hannu da farko, daga baya da kwamfuta. Takardar neman aiki, ta koke, ta neman fili, duk sun bi ta hannuna. Wata safiya wani dattijo mai tabarau ya kawo mini wasiƙa in buga mishi. A ciki ya rubuta: "Ka ba ƙanena akwatin, shi da direba, in ya iso." Na ɗaga kai na ce, "Mushe, in wa ya iso? Ƙanen ko direban?" Ya karɓi takardar ya sake dubawa, sannan ya ce, "Madam, kina son aikin da ya fi wanga?" Shi ne Mushe Gado, yadda muke kiran malamai da Faransanci, tsohon malamin lissafi da ya koma harkar kwamfuta a Yamai, ya dawo gida ya buɗe buron nan.

Ga yadda ya bayyana mini aikin a ranar farko, kuma har yau ban sami bayanin da ya fi shi ba. Injiniya yana rubuta manhaja, wadda a buro muke ce wa lojisiyel, amma abin da ya rubuta ba ya aiki haka nan. Sai an gina shi: a haɗa gutsattsarinsa, a gwada, a ɗaure shi wuri guda, a tura shi cikin salular mutane. Kowane mataki da kayan aikinsa a cikin kwamfuta. A da, mutum ke kiran kayan aikin nan da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Yanzu akwai wakili, wato na'urar nan mai basira da ake ba umarni da magana. Ka gaya mishi abin da kake so, ya je ya yi da kansa. Sai dai wakili ba ya ganin cikin kayan aiki. Abin da yake gani suna ne, da ɗan bayani a ƙarƙashinsa, da guraben da zai cike. Da wanga kaɗai zai yanke shawarar wanne zai ɗauka, yaushe, kuma ta yaya. Aikinmu mu duba bayanin nan, mu ce ko ya isa a dogara da shi, mu ba shi maki daga sifili zuwa biyar. Da Turanci ko Faransanci ake rubuta shi, amma zan faɗa muku komai da Hausa.

Wata uku Mushe Gado bai bar ni na ba da maki ko ɗaya ba. Kullum sai ya ajiye mini bayani guda a takarda, ya ce in rubuta a kaye, wato littafin rubutu, abin da kayan aikin zai yi, abin da zai taɓa, da abin da zai dawo da shi in ya gama. Na tuna wani mai suna "gwada". An rubuta a ƙasansa: "Yana gudanar da gwaje-gwaje." Lokacin na fara sanin abubuwa, sai na rubuta da alfahari cewa zai gwada manhajar, ya nuna inda ta gaza, ba zai canza komai ba. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Daidai ne," in ji shi. "Wa ya gaya miki?"

"Ai kowa ya sani, Mushe."

"Nuna mini inda anka rubuta."

Na duba, babu.

"To kin ƙarasa wa marubucin aikinsa da kanki, kina kuma shirin yaba mishi. Wakili ma zai ƙarasa, amma da zato, kuma ba kullum zato ke faɗawa daidai ba. Madam, saninki ne zai cuce ki a aikin nan. Ki karanta kamar baƙuwar da ta sauka tasha yanzu, ba ta san kowa ba, ba wanda za ta tambaya."

Wanga shi ya fi komai ba ni wuya. Koyon sabon abu da sauƙi. Ajiye abin da ka riga ka sani a bakin ƙofa kafin ka zauna karatu, shi ne aiki.

Kayan aikina ba su da yawa. Kaye, bik biyu, baƙi da ja, da kwamfuta mai batir mai ƙarfi saboda kuran, wutar nan tamu da kun san halinta. Sai ɗakin gwaji, wanda ba na laka ba ne, kwafin aikin mutane ne a cikin kwamfuta, inda wakili zai yi ɓarna son ransa ba abin da zai sami na gaskiyar. Da baƙin bik nake rubuta abin da bayani ya alkawarta, kafin in leƙa cikin kayan aikin. Sannan in kunna shi da hannuna in ga abin da yake yi da gaske. Bambancin da ke tsakani shi ke shan jan bik. Daga nan in saki wakili, in ba shi aiki guda da lafazi iri-iri: yadda injiniya zai faɗa, yadda mai gaggawa zai faɗa, yadda wanda bai san sunan komai ba zai faɗa. In zauna in ga wanne zai ɗauka.

Aikin farko da na sa wa hannu ni kaɗai daga Malbaza ya zo. Wasu samari biyu sun yi wa direbobin manyan motocin kamyo manhajar da ke nuna musu layin lodin siminti, don kada mutum ya yini a rana yana jira. Kayan gininsu bakwai ne, kowanne da bayani mai tsawo kamar kirarin ɗan kokawa: mai sauri, mai ƙarfi, na zamani, ba kamarsa. Biyu daga ciki, "gina" da "haɗa", in ka cire kirarin, magana ɗaya ce ta rage a ƙarƙashinsu. Na ba wakili aiki sau goma. Wani lokaci ya ɗauki wanga, wani lokaci wancan. Ashe ɗaya ginin gwaji yake yi cikin minti biyu, ɗayan kuwa ginin fitarwa ne, yana cin kusan sa'a guda da rezo, wato intanet, mai yawa. Na ba su maki biyu. Babban cikinsu ya hau kabu-kabu ya zo har nan, ya ce, "Tanti, shafi guda fa munka rubuta wa kowanne!" Na ce, "Ɗana, wakili ba saye zai yi ba, balle ka yi mishi talla. Gaya mishi yaushe zai ɗauki wanga, yaushe zai bar shi ya ɗauki ɗan'uwansa." Munka zauna munka yanke kowane shafi ya koma layi huɗu. Na sake sakin wakili sau goma, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Saurayin ya koma Malbaza yana dariya, ya kuma turo mini abokansa.

Shekarar da ta fi muni kuwa laifina ne, ba na kowa ba, kuma gara ku ji shi daga bakina. Wata likitar dabbobi mai suna Hawa ta sa an yi mata manhaja don makiyaya. Mutum ya danna hoton saniya ko raƙumi, ya ji bayanin cuta da muryar mutum, da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci. Sati shida ta yi tana yawo a rugage da zangunan da ke bayan Tajaye tana ɗaukar muryoyin. Na Tamajak wani dattijo ne ya yi mata, Alhusaini, wanda makiyaya ke jin maganarsa. A cikin kayan ginin akwai wani mai suna "share". Bayaninsa: "Yana share tarkacen da gini ya bari." Na gwada shi a ɗakin gwaji, ya share tarkace, na ba shi huɗu, na sa hannu. Abin da ban yi ba shi ne in ajiye wani abu mai daraja kusa da tarkacen in ga ko zai tsallake shi. Ɗakina fanko ne, ba abin da zai ɓace. Ashe duk abin da ba ya cikin jerin rubutun injiniya, a wurinsa tarkace ne, muryoyin kuwa ba su cikin jerin. Wata rana gini ya ƙi, wakili ya karanta bayanin, ya ga shara ba ta da haɗari, ya share don ya sake farawa. Hawa ta riga ta goge na cikin salularta don wuri ya ƙare mata. Aikin sati shida ya tafi kafin ƙiftawar ido.

Ta zo buro, ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye takardar da na sa wa hannu a kan teburina, ta ce, "Tanti, huɗu kinka ba shi." Damina ta riga ta faɗi, Alhusaini ya yi arewa da raƙumansa, ba zai dawo ba sai bayan girbi. Manhajar da anka yi don cututtukan damina ta wuce daminar a kwance. Labari ya bazu. Masu kawo aiki sunka janye, wasu sunka ce tun da mutum ma yana kuskure, gara a sa wata na'urar ta riƙa ba da makin. A shekarar ne kuma idon Mushe Gado ya yi rauni har ya daina zuwa. Na koma buga takardun neman aiki a bakin ƙofa don kada buro ya rufe.

Da kaka ta yi, makiyaya sunka gangaro cin kara, na kulle buro na bi Hawa. Ba ta ce in zo ba, ba ta kuma ce in koma ba. Ni ke riƙe da salula, ita ke tambaya. Munka sami Alhusaini a wata gona da anka girbe, yana dafa shayi. Da Hawa ta gaya mishi abin da ya faru, ya tambaya wa ya ɓatar. Na ce ni ce. Ya dube ni ta tsakanin rawaninsa, ya ce da Hausarsa, "Wanda ya ɓatar da raƙumi shi ke bin sawu. Zauna." Kwana uku yana sake faɗin komai daga farko.

Tun daga nan ɗakin gwajina bai sake zama fanko ba. Ina cika shi da hotuna da muryoyi da sunayen ƙarya, in ƙirga su kafin in saki wakili, in sake ƙirgawa bayan ya gama. Na kuma sayi salula biyu na gwaji, na haɗa su da ɗakin, na ajiye a aljihun tebur. Duk bayanin da bai faɗi abin da kayan aiki zai goge ba, ko wanda zai taɓa a waje, ko abin da ba a iya mayarwa, ba ya wuce ɗaya a hannuna, ko wa ya rubuta shi.

Hawa ce da kanta ta ba da sunana ga aikin da ya farfaɗo da buron nan. Tsakanin Malbaza da Dogarawa akwai wata fadama inda ƴan garka ke noman albasa, dukansu daga rijiyar foraj guda mai famfo suke samun ruwa. Ruwan ba ya isar kowa lokaci ɗaya, sai bi da bi. Shekara da shekaru rabon nan ke haddasa rigima, har ƙungiyarsu ta sa wani injiniya, Laminu, ya yi musu manhajar da ke aika wa kowa saƙo a salula: ranarka kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Ta yi rani guda tana aiki lafiya, mutane sunka yarda da saƙon fiye da bakin kowa. Sai Laminu ya sami aiki a Yamai. Ya shirya ya bar wakili ya riƙa kula da manhajar. In sakataren ƙungiya ya ga wani abu ya lalace, ya gaya wa wakilin, shi kuma ya gyara, ya gina, ya gwada. Kwana biyar ya rage ya tafi, dashen albasa kuma ya kama. Takardata kaɗai yake jira ya miƙa wa ƙungiyar.

Laminu gwani ne, kada ku ji wani abu daban. Kayan gininsa tara, takwas na ba su huɗu-huɗu ba gardama. Na taran sunansa "tura". Bayaninsa layi ɗaya: "Yana tura sabon gini." A ƙasa akwai gurbi guda mai suna "wuri", an ce ba dole ba ne a cike shi. Na rubuta da baƙin bik: tura ina? In ba a cike gurbin ba, ina zai nufa? Sannan na kunna shi a ɗakin gwaji, na bar gurbin fanko. Ba a yi minti ɗaya ba salula biyun nan sunka yi ƙara a aljihun tebur. Ashe in ba a faɗi wuri ba, kai tsaye wurin manoma yake zuwa. Bai tsaya nan ba. Duk lokacin da ya tura, yana sake aika wa kowa jadawalin ruwan da ya tarar a cikin ginin. Ginin gwaji kuwa jadawalin wasa ke ciki, wanda Laminu ya cike da gaggawa: kowa Talata, ƙarfe bakwai na safe. Na saki wakili da lafazin mai gaggawa, shi ma ya bar gurbin fanko.

Na ba shi sifili, na kira Laminu.

"Tanti, sifili?" in ji shi. "Ni na rubuta abin nan. Rani guda ina aiki da shi, ban taɓa barin gurbin fanko ba."

"Kai ba ka taɓa ba. Kai kuma za ka tafi."

"Wakilin yana da hankali, zai gane."

"Na gwada shi, bai gane ba. Layi ɗaya ka ba shi."

"Ke kinka rikita shi da gangan. Ba mai yi mishi magana haka."

Ya ce ba shi da lokaci. In na ƙi sa hannu, akwai inda na'ura ke ba da maki, cikin minti biyar a gama. Na san in aikin nan ya kuɓuce da wuya wani ya sake zuwa. Da la'asar na je gidan Mushe Gado na karanta mishi layin, tun da ba ya iya gani. Ya ce in sake karantawa, na sake. Ya ce, "Me kinka zo tambayata, Madam? Ai kin ji salula ta yi ƙara." Na koma na gaya wa Laminu sifili na nan daram, amma ina roƙon abu ɗaya: ya bar ni in nuna a gaban masu ruwan. In sun ce ba komai, ya kai aikinsa inda ya so.

Washegari da hantsi munka shiga motar haya zuwa fadamar. A ƙarƙashin rumfar famfo munka tarar da shugaban ƙungiya, Malam Isufu, dattijo mai ƙafafu duk laka, da sakatarensa, da manoma kamar ashirin. Ko'ina fangali an jera dashe ɗanye shar, irin wanda in ya rasa ruwa kwana biyu ya kwanta ke nan. Na roƙi mutum shida lambobinsu na sa a ɗakin gwaji, na gaya musu duk saƙon da zai shigo yanzu na wasa ne. Na ɓata wani ɗan abu a manhajar da gangan, na juya kwamfutar wajen sakataren.

"Ba zan gaya maka abin da za ka ce ba," na ce mishi. "Laminu yana Yamai, abu ya lalace. Yi wa wakili magana yadda za ka yi."

Ya goge hannu a riga, ya rubuta da yatsa ɗaya: sunan wani ba ya fitowa daidai, a gyara, a sa mu gani. Ko ambaton turawa bai yi ba. Laminu ya harɗe hannu yana murmushi. Wakili ya gano matsalar, ya gyara, ya gina, ya gwada, komai tsaf, har na fara tunanin yau zan sha kunya a gaban mutane. Sai ya rubuta cewa tun da an ce a sa a gani, zai tura. Gurbin wuri kuwa ya bar shi yadda ya same shi.

Salula shida sunka yi ƙara kusan tare. Na farko ya karanta: Talata, ƙarfe bakwai. Na kusa da shi ya ce, "Kai, ai nawa ne wanga lokaci!" Na uku ya ɗaga tasa. Sun san wasa ne, da bakina na gaya musu, amma sai da biyu sunka miƙe tsaye suna nuna wa juna salula. Malam Isufu ya karɓe su ɗaya bayan ɗaya, ya sa sakatare ya karanta mishi. Sannan ya juya wajen Laminu.

"Injiniya, in da gaske ne, mutum nawa saƙon ga za shi iske?"

"Duka, Baba," in ji Laminu a hankali.

"Duka ɗinsu, kowa da hauyatai, bakin famfo guda, ran Talata." Malam Isufu ya girgiza kai. "Sai jandarma sun raba mu, in sun iso da wuri."

Na yaba wa Laminu abin da ya yi bayan nan. Bai kare kansa ba. Ya jawo benci ya zauna kusa da ni, ya ce, "Tanti, ara mini jan bik ɗin." A nan ƙarƙashin rumfar munka yi aikin, manoma na kallo. Ya raba "tura" gida biyu: "tura gwaji" da "tura ga manoma". Na farko anka rubuta mishi cewa ba ya fita daga ɗakin gwaji, ba ya aika saƙo ga kowa, shi za a ɗauka in ana so a ga ko gyara ya yi. Na biyu munka fi daɗewa a kansa. Laminu ya rubuta, "A yi hattara." Na ce hattara da me? Ya goge. Abin da ya tsaya a ƙarshe shi ne: yana sa sabon gini a hannun manoma, yana aika wa kowane ɗan ƙungiya jadawalin ruwa nan take, saƙon da ya fita ba ya dawowa, kada a kira shi sai sakatare ya ga jadawalin ya yarda. Malam Isufu ya sa anka fassara mishi, ya ce a ƙara da shugaba. Anka ƙara. Laminu ya kuma gyara cikin kayan aikin yadda ba zai taɓa karɓar jadawalin wasa ba, mun rubuta wanga ma a bayanin.

Sakatare ya sake rubuta maganarsa ta ɗazu, bai canza ko kalma ba. Wakili ya gyara, ya gina, ya ɗauki "tura gwaji". Ba salular da ta motsa. Na sa sakataren ya matsa mishi, ya rubuta cewa ana sauri, a tura wa mutane yanzu. Wakili ya fito da jadawalin a allo, ya ce wanga zai isa ga kowa kuma ba ya dawowa, shin sakatare da shugaba sun gani sun yarda? Da anka karanta wa Malam Isufu, ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce, "Yanzu ya yi hankali. Ce mishi ban yarda ba." Sau goma sha biyu na sake gwadawa kafin azahar, da lafazi daban-daban, har da na wani manomi da ya rantse shi sai ya rikita shi. Ko sau ɗaya bai tsallake ba. A kan gwiwata na ɗora takardar na sa hannu, na ba shi biyar.

Laminu ya tafi Yamai a ranar da ya shirya. Bai yi wata ba ya fara turo mini kayan sabon wurin aikinsa, daga nan abokansa, daga nan mutanen Tawa da Maraɗi da ban taɓa gani ba. Waɗanda sunka koma wa makin na'ura ma sun dawo. Ba wai ba ta iya karatu ba ne. Tana karanta layi ta ce ya yi kyau, amma ba ta kunna kayan aikin ta kasa kunne ta ji gidan wa zai ƙwanƙwasa. Aiki ya yi yawa har na daina buga takardu gaba ɗaya.

Da anka cire albasa, wata ranar kasuwa na ji mota ta tsaya a ƙofar buro. Malam Isufu ne, ya sha farar riga, har ban gane shi da farko ba. Ya sa anka sauke buhu biyu na albasa, jajaye manya. Ya ce daga dashe har cira sau uku sakatare ya nemi wakili, sau ukun yana tsayawa ya tambaya, ba wanda ya rasa ruwansa ko na sa'a guda.

Na ce, "Malam, ai ƙungiya ta riga ta sallame ni. Ba sai da wanga ba."

Ya daki buhun da tafin hannu. "Sallamar ƙungiya ta aikin da kinka yi ce, Malama. Wagga albasa kuwa ta faɗan da ba a yi ba ce."